Yadda Na Zama Mahaukacin Kamfani

Tsofaffin Gashuwa da suka rage, idan aka ambace ni, har yau ba a rasa mai cewa, "Wanda ya taɓa samun taɓin nan?" To, gaskiyarsu ce, na yi hauka. Sai dai nawa ba na aljanu ba ne, ba kuma na gado ba. Na kamfani ne. Da hantsi aka yi shi, a gaban shaidu, akawu ya rubuta a littafi. Tunda ni ma hannuna ya iya riƙe alƙalami, ko da yake malamin yaƙi da jahilci ya sallame ni tun ban yi nisa ba don wai na fi shi magana, bari in rubuta nawa.

Ni Bagobiri ne, daga wani ƙauye kusa da Tsibiri, a ƙasar Faransa. Ina saurayi, lokacin yaƙin Turawa, aka matsa mana da aikin dole. Gardi, wato ɗan sandan Faransawa, ya zo, mai gari ya bi gida-gida yana nunawa, a jera samari a igiya ɗaya a tafi da su fasa dutse a hanyar mota. Wanda ya dawo, da tari yake dawowa. Ranar da na ji an sa sunana, na bi wasu mutanen garinmu biyu masu cin rani, muka tsallako ƙasar Ingilishi, muka yi ta cin ƙasa har inda dogo ya ƙare, wato Nguru. Su biyun da damina za su koma. Ni kuwa da na gudu wa gardi, in na koma, ba igiya kaɗai ke jirana ba.

Nguru ta karɓe ni da warin banda da cizon sauro. A zauren wani fatoma muka sauka, wato mai saukar da baƙi. Sati na farko komai nawa kuskure ne. In na gai da Babarbare na wuce, sai in ji ashe shi ko rabin gaisuwar bai kai ba. In na buɗe baki na ce "mi" ko "wanga", yara su bi ni suna maimaitawa. Aka ba ni burabusko na tambayi inda tuwon yake. Jirgi ya yi kuka na farko a kunnena, na faɗa bayan tulin kanwa, wata tsohuwa mai sai da ita ta ce in tashi kar in daɗa mata gishiri da fitsari. Sunanmu kuwa ɗaya ne duk mu da muka tsallako: 'yan Faranshi.

Fatoma ya kai ni wani kamfani kusa da tasha, masu sayen gyaɗa da ƙaro da fatu. Aka ba ni lamba ta tagulla da rami a jiki, na sa mata zare na rataya a wuya. Fatoma ya ce, "Wannan ita ce uwarka ita ce ubanka a garin nan. Muddin tana wuyanka, kana da wurin kwana a zaurena. Ranar da ta bar wuyanka, ban san ka ba."

A filin kamfanin nan na ga yadda ake jera 'yan Adam. A ƙasar Faransa ma ana jerawa, amma da bulala, ka san inda za ka kauce. Nan kuwa da ruwa da inuwa ake yi. Manaja, Bature, nasa ruwan a wani farin tulu yake mai famfo, a baranda, yaronsa na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma kamar jariri. Akawuna suna da randa a rumfar kwano, da murfi, da moɗa ɗaure da sarƙa don kar ta ɓata hanya ta shiga bakin lebura. Mu kuma rabin duro aka yanke mana aka ajiye a rana, kusa da ƙofa, daidai inda jakunan 'yan gyaɗa ke tsayawa. Na rantse akwai wani baƙin jaki da muka saba da shi, in ya ga na durƙusa sai ya ɗan matsa. Ya fi wasu ladabi. Inuwa kuma, manaja na da baranda, akawuna na da rumfa, mu tamu ita ce ta buhunan da aka tara. Da hannunmu muke kwashe ta mu loda a tarago. Duk wanda ya fi ƙwazo shi ke fara rasa wurin fakewa.

Duk wannan na haɗiye. Ina ɗaukar buhu, ina cin abinci, ba wanda ya ɗaure ni da igiya. Abin da ya dame ni ɗaya ne: ba ni da abokin wasa. Barebari suna ta sheƙe ayarsu da Fulani, wannan ya ce wa wancan bawa, wancan ya rama, ni ina gefe bakina na ƙaiƙayi. Mutum irina, in ya kwana uku bai tsokani kowa ba, ciwon kai yake yi.

Allah ya haɗa ni da wata mai sai da abinci a bakin tasha, dattijuwa, Bayarabiya daga Ilorin, ta daɗe a Nguru har Hausarta ta fi tawa shiga kunnen mutanen garin. Ranar farko da na tsaya gabanta, ta dubi tsagen kumatuna, ta ajiye ludayi.

"Gogobiri! Wa ya kwance ka? Wa ya bar bawana yana yawo ba igiya?"

Wallahi sai da hawaye ya taru a idona. Na ce, "Iya, ke da munka saye ki da barkono kwando guda, har kin samu bakin magana?"

"Zauna, mai fuska kamar gonar da aka yi wa kaftu. Damisa ce ta yaƙushe ka, ko uwarka ce ta rasa allon rubutu?"

Ta cika mini kwano har yana zuba. Ga wanda bai sani ba, tsakanin Bagobiri da Bayarabe wasa ne tun kaka da kakanni. Ka zage shi, ya zage ka, ka ɗauke masa abu, ya bi ka, kuma haramun ne wani ya yi fushi. Babba ko ƙarami, mai kuɗi ko matsiyaci, wasan ba ya tambaya. Haka aka koya mini, haka na gani a kasuwanninmu in fatakensu sun zo.

To, akawun da ke kan sikelinmu wani saurayi ne, bai fi ni shekaru ba. Farin gajeren wando, safa har gwiwa, fensir a bayan kunne, da wata hular kwano irin ta Turawa wadda ko a cikin rumfa ba ya cirewa. Ba ya kiran kowa da suna, lamba yake kira. Wata rana na gan shi ya tsaya wurin Iya suna yarensu. Da ya tafi na ce, "Iya, wanga ma bawana ne?"

Ta ce, "Ɗan garinmu ne, na san gidansu. Amma ka fita hanyarsa. Wannan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, na kamfani ne."

Na ji, amma da kunne ɗaya. A raina na ce, kamfani jiya ya zo.

Sai ga cika-ciki. Washegari ranar abokan wasa ce, kowa ya sani, ranar da ake cin kare babu babbaka, ba mai shiga tsakani. Da sassafe na biya ta wurin Iya, kafin in yi sallama ta watsa mini ruwan wanke-wanke, ta fizge hulata ta cusa a ƙarƙashin mazauninta, ta ce sai na ɗebo mata ruwa tulu uku zan fanshe ta. Mutane na ta dariya. Na tafi aiki kaina a buɗe, rigata a jiƙe, raina fari ƙal. Tun da na bar gida ban ji ni mutum ba kamar safiyar nan.

Na ɗauko buhu na farko na dire a sikeli. Akawu ya sunkuya yana duba ƙarfen awo, hular nan tasa tana daidai hancina, fara tas. Ban yi shawara da kowa ba. Na cire ta na kifa a kaina, na ja da baya, na riƙe ƙugu.

"Kai Bayarabe! Yaushe bawana ya hwara sa hula ubangidanai na tsaye kai buɗe?"

Mutanen garinmu biyu, da su ma suke dako a filin, suka fashe da dariya. Su kaɗai. Sauran leburori, Mangawa da Barebari da Badawa, suka tsaya cak, wani ma ya ajiye buhunsa a hankali ya koma bayan tari.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, kuma da idona na gani. Akawun nan ya gane. Ya ɗago, ya dubi tsagena, gefen bakinsa ya motsa, har ya ɗaga yatsa ya ce, "Kai, Gogobiri..." da irin muryar da Iya ke faɗa. Saura ƙiris ya rama. Da ya rama, da yanzu labarin abokina nake ba ku.

Sai ƙofar baranda ta yi ƙara. Manaja ya fito da kofi a hannu, ya tsaya yana kallon lebura jiƙaƙƙe sanye da hular akawunsa.

Ban taɓa ganin fuska ta rufe da sauri haka ba. Akawu ya ɗauki littafin awo, mai bangon katako, ya kwaɗa mini a kunne. Hular ta faɗi ta gangara har gindin duro. Ya yi ta zuba Turanci yana nuna ni. Manaja ya faɗi kalma biyu ko uku ya koma ciki. Maigadi ya zo ya kama zaren wuyana ya tsinke, ya miƙa wa akawu lambar, ya tura ni waje. Ina fita ina cewa, "Wasa ne! Ku tambaye shi, ya sani! Yau ranar wasa ce!" Ba wanda ya tambaye shi.

Kafin azahar fatoma ya fito da tabarmata ya jingine a bakin zaure. Ya ce yana ba ni kwana biyu saboda Allah. Ya ce mutumin da kamfani ya kora, kuma ɗan Faranshi, ba mai ɗaukarsa ko dakon kifi a garin nan, gara in kama hanya tun ƙafata na da ƙarfi. Wace hanya? Hanya ɗaya na sani, kuma gardi na ƙarshenta.

Iya ce ta rufe tukunyarta ta tafi Sabon Gari gidan akawu. Da la'asar ta dawo tare da helumanmu, wato shugaban leburori, wani dattijon Bamange mai ƙaramar murya. Ta miƙo mini hulata, ba tulu ko ɗaya. Ba ta ce mini Gogobiri ba. Ta ce, "Ɗana, zauna."

Ta ce akawu ya ce ya san wasan, kakarsa ma tana yi da masu jakunan da ke kawo kanwa garinsu. Ya ce amma shi kansa ta ƙofar baya yake shiga ofis, shekara huɗu bai taɓa zama a gaban manaja ba. In Bature ya ɗauka leburori na wasa da shi, gobe za a ce yana haɗa baki da su a kan sikeli, jibi a sa shi a jirgi.

Na ce, "To ya gaya mishi gaskiya mana. Ya ce al'ada ce."

Heluma ya girgiza kai. Ya ce, "Yaro, manaja ya ce gobe a kawo ka ka faɗi dalili da bakinka. Na yi shekaru da mutanen nan. Abu biyu suka sani game da lebura in ya taɓa kayan na sama da shi: ko sata, ko hauka. Na ukun da kake faɗa ba shi a littafinsu. In ka ce wasa, ka ce kai da akawu ɗaya ne, ka kashe kanka ka kashe shi. In ka ce sata, za a iya yafe maka, za a iya miƙa ka ga hukuma. In ka ce rana ce ta taɓa ka, to Bature yana tsoron ranar ƙasar nan, zai yarda. Zaɓi."

Na ce, "Baba, ni ɗan halak, a garinmu ko kazar wani ban taɓa kallo ba, in ce ni ɓarawo ne?"

"To ka zama mahaukaci."

"Lahiyata lau!"

"Mun sani. Shi ya sa muke ba ka zaɓi. Mahaukacin gaske ba a tambayarsa."

Na dubi Iya ko za ta ce wani abu. Tana ta murza bakin zanenta.

Washegari da hantsi aka tsai da aiki. Aka tara leburori a gaban baranda, har da masu jakuna suka leƙo. Heluma ya koya mini yadda ake yi a nan: a tuɓe takalmi tun daga nesa, a cire hula, a durƙusa, a dunƙule hannu a ɗaga. Na yi duka, ban bar ko ɗaya ba. Manaja na zaune, akawu na tsaye a gefensa da hularsa, an goge ta. Shi ne ma tafinta. Wato ni zan yi ƙarya da Hausa, shi ya juya ta Turanci, mu biyu mun san ƙarya ce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, rana ta taɓa ni. Wani lokaci kaina na juyawa, ban san abin da nike yi ba."

Manaja ya yi tambaya. Akawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya ce ka saba yin haka?"

Heluma ya taka mini yatsan ƙafa. Na ce, "Jehi-jehi."

Manaja ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano ciwo. Har tausayi na gani a idonsa, kuma wannan tausayin ya fi mini marin littafi zafi. Ya ba da umarni a ba ni ruwa daga randar akawuna. Ranar ce kaɗai na sha da moɗar nan mai sarƙa. Ga duk mai son sani, ruwan da sanyi, kuma ina gamawa aka kai moɗar aka wanke da toka.

Aka mayar mini da lambata. Amma manaja ya ce ba ya son mai irin wannan ciwo kusa da sikeli da jirgi. Kamfani na da rumfar fatu a Gashuwa, a kai ni can, aikin shanya ne, ba abin da zan ɓata. Akawu ya buɗe littafi ya yi rubutu a gaban lambata. Ban iya karatu ba a lokacin, amma na ga tsawon abin, kalma ɗaya ce.

Motar fatu ce ta kawo ni, rabin hanya mu muka kawo ta, don duk inda ta ga rairayi sai ta kwanta. Direba ya riga ni sauka. Kafin in kakkaɓe rigata, duk rumfar ta san an kawo mahaukacin da ya yi wa akawu dambe a Nguru, wasu ma sun ce har ya ciji Baturen. Badawan da na tarar mutanen kirki ne, ba su kore ni ba. Abincina dai daban ake zuba mini, a turo da tsinin ƙafa. Wuƙar fiɗa in na matso sai a ɗauke. Rana ta uku wani ya zame a kan ɗanyar fata ya faɗi zaune, na yi dariya, irin dariyar da kowa zai yi. Na duba sai na ga ni kaɗai ne a rumfar, sauran suna waje suna leƙe. Daga ranar na kama bakina. In na yi shiru a ce ciwon ya lafa, in na yi magana a ce ya motsa. Ni da aka sani tun daga Tsibiri har Maraɗi da baki, na yi shekara biyu a bakin kogin nan ba wanda ya san ina da haƙora.

Kuma kada wani ya ce mini ai an rufa mini asiri. Na sani. Ban koma hannun gardi ba, ban fasa dutse ba, ga ni da jikoki. Ba akawun nan kaɗai nake jin haushi ba, shi ma a durƙushe yake, tsayuwar ce kawai ta fi tawa tsawo. Ina jin haushin filin da aka shirya shi yadda mutum biyu ba za su iya yi wa juna dariya ba sai ɗaya ya rasa abincinsa. Ina jin haushin mutum sittin da suka tsaya suna kallo, kowa ya san abin da ake yi washegarin cika-ciki. Na fi jin haushin bakina da ya ce "jehi-jehi".

Mutanen garinmu biyun nan, da damina ta faɗi suka koma gida. Su da suka yi dariya a filin, su suka kai labari, kuma labarin da aka yi a gaban Bature shi suka kai, don shi ya fi daɗin faɗa. Da rani ya zagayo, ina cikin juya fatu sai ga wani dattijo da raƙumi ɗaya, mutumin ƙauyen da ke kusa da namu, na san shi tun ina yaro. Ya yi kwanaki yana tambayar inda mahaukacin kamfani yake, kuma ba wanda ya ɓatar da shi.

Ya zauna nesa kaɗan. Ya kwance wata 'yar gora da aka toshe da tsumma. Ya ce innata ce ta aiko shi. Ta sai da akuyarta ta je har wurin wani mai magani a bayan Madawa, an haɗa mini wannan. Ta ce kada ya ba kowa ya ba ni, kada ya juyo sai ya ga na shanye da idonsa.

Na ce, "Baba, zauna in gaya maka yadda anka yi. Lahiyata lau. Wasa ne ni yi da wani Bayarabe, ranar wasa, ka san dai yadda mukai da su."

Ya ce, "Na sani, na sani."

"Hula ce kawai na ɗauka. Sai anka ce in zaɓa, ko ɓarawo ko mahaukaci."

"Haka ne. Sannu."

"Wallahi ƙarya na yi ma Bature! Ka koma ka ce mata ɗanta ƙalau yake!"

Na ɗaga murya ban sani ba. Na ga ya ja raƙuminsa baya kaɗan, na ga 'yan rumfa sun fara fita ɗaya bayan ɗaya. Ya turo gorar gabana da sandarsa, ya yi ƙasa da murya, irin yadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi.

"To, to. Duk zan gaya mata. Sha dai tukuna."

Na ɗauka na shanye. Ɗaci kamar maɗaci, har da wani gari-gari a ƙasa. Ya karɓi gorar ya kifa ya ga ba saura, ya yi hamdala, ya ce in Allah ya so za a dace.